Kwamfutar Gem Mai Ƙara a Zafin Damagaram: Abin da Za a Saya da Abin da Za a Bari

Tun da bazara ta kama, kusan duk saƙon da ke shigowa wannan fili a kan zafi ne da ƙarar fanka. Na ɗauko huɗu. A kan ta farko za mu daɗe, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ina zaune a unguwar Birni. Kwamfutata tana da furosesa Ryzen 5 3600, katin hoto RX 580, ram 16, kuma fankar da ta zo cikin kwalin furosesan ce har yanzu a kai. Da na kunna GTA V ko eFootball sai ta hau ruri, har daga tsakar gida ana jinta, Baba ya yi magana ba sau ɗaya ba. Na tara jaka 60. Abokina ya ce in sayi na'urar sanyaya ta ruwa mai fitilu. Me ka gani?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ajiye maganar ta ruwa, kuɗinka za su yi maka aikin da ya fi wannan.

Na san abin da ke jan mutane zuwa gare ta. Mun taso muna shan ruwan randa, muna jin ya fi iskar ɗaki sanyi, sai muke zaton duk inda ruwa ya shiga haka abin yake. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo, iska ta busar da damshin ta tafi da zafin. Na'urar kwamfuta kuwa a rufe take ruf. Aikin ruwan cikinta kawai ya ɗauko zafi daga kan furosesa ya kai shi radiyeta, fankoki su hura masa iskar ɗakinka. In ɗakin yana digiri 38, da iskar digiri 38 za a fifita shi. Ga famfo a ciki mai nasa gunjin, wanda yake gajiya da shekaru, ruwan ma yana raguwa a hankali. Ranar da famfon ya tsaya, furosesa zai ɗau zafi nan take, kuma ba abu ne da za ka shiga Kasuwar Dole ka nemo madadinsa ba. Na'urar iska kuwa ƙarfe ne da fanka. Ƙarfe ba ya mutuwa, fanka in ta mutu kowace mai milimita 120 za ta zauna a gurbinta.

Sannan ina kyautata zaton ba furosesan ne babban mai surutun ba. Ryzen 5 3600 an yi shi a kan wat 65 ne, shi kuwa RX 580, wanda ya fito tun 2017, yana cin wat 185. Kusan duk wutar da suka ci zafi take komawa a cikin akwatin. Ka tabbatar da kanka kafin ka kashe ko dala. Sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka bar ta a buɗe kana wasa na kamar kwata, ka duba zafin kowanne da gudun fankarsa. Sai ka buɗe gefen akwatin, ka naɗe takarda ta zama bututu, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kusa da kowace fanka bi da bi. Nan da nan za ka ji wadda ke ihu. In ƙarar kaɗa-kaɗa ce ko gurnani, gindin fankar ne ya ci, sai canji. In huci ne kawai mai ƙarfi, lafiyarta ƙalau, aiki ne ya yi mata yawa.

Wani abu kuma da ke ruɗa matasanmu shi ne bidiyon masu gwaji na Turai da Amurka. Su a ɗakin da bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba suke aunawa. Mu a Afrilu da Mayu rana tana haura 40, ɗakin kwano da azahar kuwa ba a magana. Na'urar da ta nuna 65 a ɗaki mai 22, a ɗaki mai 38 ka sa ran ganin 81. Wannan ba ciwo ba ne. Iyakar furosesanka 95 ce, a nan yake fara rage gudu don ya kare kansa. Kada ka takura wa fankoki suna gudu iya ƙarfinsu don kana son ganin lambar da ka gani a YouTube. Digiri 75 zuwa 82 a tsakiyar wasa, a bazarar Damagaram, abin a gode Allah ne.

Yanzu ga aikin da ba ya cin kuɗi, kuma shi ne rabin maganin.

Fara da ƙura. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka fitar da ita inuwa. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar nan da ke tsartar mutum in ya kama ƙofar mota. Haska tocila tsakanin fankar katin da siraran ƙarafan da ke ƙarƙashinta. A kwamfutar da ta ci hunturu guda ba a share ta ba, za ka tarar jar ƙura ta haɗu da zaren tufafi ta dunƙule, ta toshe ramukan, har kana iya ɗago ta da tsinke falle guda. Fankar tana juyawa, amma iskar ba ta wucewa. Yi amfani da ƙaramar bulowa da burushi mai laushi, ka danne fiffiken kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka kai ta wurin masu faci su hura mata, iskar tankinsu tana zuwa da ruwa da mai.

Na biyu, ka ɗaure wa katin linzami. In allonka na 60 Hz ne, hoto 60 kaɗai yake iya nunawa a daƙiƙa. Katin da aka sake shi yana zana 110 ko 130, aikin banza yake yi, zafinsa kuma na gaske. A cikin AMD Adrenalin, manhajar da ke sarrafa katinka, akwai Radeon Chill, ka sa iyakarsa 60, ko ka kunna V-Sync a cikin wasan. A wasa irin eFootball wannan kaɗai yakan sa ƙarar ta faɗi ƙasa warwas.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma mutane suka fi tsoro ba gaira ba dalili: rage ƙarfin wutar da ke shiga katin. Kamfanoni suna ba kowane kati boltej fiye da bukatarsa don kowanne ya tashi, mai kyau da mai rauni. Cin wuta kuwa ba ɗaya-da-ɗaya yake bin boltej ba. In ka rage kashi 10 cikin 100, cin wutar yana sauka da kusan kashi 20. Shiga sashen saiti na Adrenalin, ka riƙa rage milibolt 20 ko 25, ka buga wasa rabin awa, in bai tsaya ba ka ƙara ragewa. Da ka ga wasan ya fita da kansa ko allo ya ɗauke, koma matakin baya ka tsaya nan. Ragewa ba ta ƙona kati, ƙarawa ce mai haɗari. Masu katin Nvidia da MSI Afterburner za su yi wannan aikin. Kuma ga mai amfani da sola ko batir, duk wat ɗin da ka rage ƙarin lokacin wasa ne da dare.

Na huɗu, saitin fanka a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Wanda ya zo daga kamfani yana ɗauka ɗakinka mai sanyi ne, saboda haka da ya ga digiri 55 sai ya zuga fanka. A wurinmu kuwa kwamfuta tana zaune ba ta komai ma takan kai 50. Matsar da layin: fanka ta tsaya wajen kashi 40 har zuwa digiri 65, ta hau a hankali, ta cika gudu sai a 85. In madabod ɗinka, wato babban allon da furosesa da kati suke zaune a kai, yana da wurin jinkirta hawa da sauka, sa masa daƙiƙa biyu ko uku, domin Ryzen yana da halin zafinsa ya yi tsalle ya dawo cikin ƙiftawar ido, fanka ta yi ta binsa sama da ƙasa. Wannan hawa da saukar ya fi huci mai ɗorewa damun kunne.

To sai kuɗi. Jaka 60 ɗinka kusan Yuro 91 ne. Abu na farko na'urar iska mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu da fanka guda ta milimita 120, irin su Thermalright Assassin X 120, Deepcool AK400, ID-Cooling SE-214-XT, ko tsohuwar Cooler Master Hyper 212 da kowa ya sani. A kasuwannin Turai irin waɗannan tsakanin Yuro 20 zuwa 40 suke, ka ƙara kuɗin kawowa. Peerless Assassin 120 SE mai bututu shida da fanka biyu ta fi su ƙarfi, amma ga furosesa mai wat 65 ba dole ba ce. Dalilin shirunsu ɗaya ne: babbar fanka tana tura iska mai yawa tana juyi 900 a minti, ƙarama kuwa sai ta haura 2000 kafin ta tura kwatankwacinta. Kafin ka biya, sa ma'auni daga kan furosesa zuwa murfin gefe. Yawancinsu tsayinsu wajen milimita 155 ne, siririn akwati ba zai rufu ba. Ka kuma tabbata akwai ƙarafan ɗaurin AM4, wato irin mazaunin furosesanka, a cikin kwalin.

Wurin cire tsohuwar fankar nake so ka nutsu sosai. A AM4 tsohon man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya yakan bushe ya manne, in ka fizgo sama sai furosesan ya biyo ta daga cikin raminsa, ƙafafunsa su lanƙwashe. Buga wasa minti goma tukuna man ya yi laushi, ka kashe, ka kwance sukurori huɗun kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ka ji ta saki. Goge tsohon man da tsumma mai tsabta da ɗan alkol. Ɗiga sabo a tsakiya gwargwadon ƙwayar wake, Arctic MX-4 ya isa kuma ba ya ɗaukar wuta in ya zuba gefe. Ɓare ledar da ke manne a gindin sabuwar na'urar. Mutane da yawa suna mantawa da ita, su zo suna cewa an sayar musu da jabu.

Abu na biyu fankokin akwati guda uku, masu ƙafa huɗu, domin su ne madabod ke iya juya gudunsu yadda ya so. Arctic P12 PWM ba ta kai Yuro 10 ba, kuma tana sauka har juyi 200 a minti. Noctua ta ƙasar Ostiriya ta fi ta, amma kuɗin guda zai saya maka uku, ba yanzu ba. Biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Iska ta ɓangaren da ke da sandunan roba da takardar kamfani take fita, kada ka juya su. Na ce shiga ta fi fita da gangan: in iskar ciki ta fi yawa, ta kowace ƙofa waje take turawa, ƙura ba ta samun shiga sai ta gaba, inda za ka sa raga. In akwatinka gabansa gilashi ne ko roba a toshe, cire murfin gaban ka ɗaura raga a wurin. Da hunturu ka riƙa kakkaɓe ta duk sati biyu. Ka kuma ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora ta kan tebur.

Abin da ya rage ka adana. In katin ya tsufa ka ga zafinsa bai sauka ba bayan shara, a canza masa mai shi ma, a kula kada a yaga ƴan katifun da ke kan ƙwaƙwalwarsa. Nan gaba in ka tara, ka sayar da shi ka ɗauki RX 6600. Ya fito a 2021, wat 132 yake ci, kuma ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. Fitilu kuwa ba sa rage ko digiri ɗaya. A gaida Baba.

Tambaya ta biyu

Malam, ina da shagon gem a Sabon Gari, na sayi ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, Dell OptiPlex, guda uku. Ina so in sa musu katin hoto da babbar fanka. Zai yiwu?

Amsa

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Kati zai yiwu, babbar fanka ba za ta shiga ba. Siririn akwatin nan ba shi da tsayin da za ta zauna, kuma wasu tsofaffinsu fankarsu mai ƙafa biyar ce ta kamfanin kaɗai, in ka sa wata sai kwamfutar ta riƙa tsayawa tana ƙorafi duk tashi. Abin da za ka yi musu shi ne shara, sabon mai, da SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, wanda shi ma yana da nasa gurnanin.

Wajen kati, fara karanta takardar da ke jikin fawa, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Na irin waɗannan ƙanana ne, da yawa ba su kai wat 260 ba, kuma ba su da wayar da ake ƙara wa kati wuta. Saboda haka sai gajeren katin da ke shan wutarsa daga ramin madabod kaɗai: GTX 1650 mai wat 75, ko RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024, mai wat 70. RX 6400 ya fi su ƙarancin ci, wat 53, amma a tsohon madabod yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Ka sani ƙananan fankokin gajerun katuna suna da tsiwa, saboda haka iyakance hoto zuwa 60 a nan wajibi ne. Kuma kada ka jera su manne da bango ko cikin kanta a rufe, ka bar taƙi guda a bayan kowace.

In akwai wadda fankar fawarta ke kuka, a canza fawar gaba ɗaya. Kada yaron shago ya buɗe ta, akwai wutar da ke zama a ciki ko bayan an zare waya, kuma tana iya kisa.

Tambaya ta uku

Ɗana ya cire murfin gefen kwamfutarsa ya kafa mata fankar tsaye, wani lokaci ma ya juyo mata na'urar nan mai hura iska da ruwa. Ba zai lalata ta ba?

Amsa

Hajiya, ina gaisuwa. Fankar tsaye tana rage zafi, gaskiyarsa ne, amma duk ƙurar ɗakin take kwasowa ta cusa ciki, ga hannun ƙannensa ga ƙwari. A ranar tsananin zafi a yi haƙuri da shi, kada dai ya zama ɗabi'a. Mai ruwan kuwa ta sanyaya ɗakin daga nesa, wannan yana taimakon kwamfutar ƙwarai lokacin rani da iska ke bushe. Amma kada bakinta ya kalli akwatin, domin feshin da take yi in ya haɗu da ƙura yana zama laka a kan madabod, ya jawo tsatsa. Da damina ma gara a kashe ta in kwamfutar tana aiki. Ki nuna masa amsar farko, fankoki uku da raga za su raba shi da wannan wahalar.

Tambaya ta huɗu

Yayana zai je Kano, ina so ya sayo mini katin hoto na hannu a Beirut Road. Me zai duba? Kuma an ce in sa Ryzen 5 5600 a tsohon madabod ɗina B450.

Amsa

Ɗan'uwa, kada ya karɓi katin da ba a kunna a gabansa ba. Tun Satumban 2022, da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba dukansu ne matattu ba, amma fankokinsu sun gaji, mansu ya bushe. A sa katin a kwamfutar shagon, a buɗe manhajar GPU-Z a ga ko sunan da ke kwali shi ne a ciki. Misali RX 580 na ainihi yana nuna 2304 a wurin shaders, wanda ya nuna 2048 ƙarfinsa na RX 570 ne, kada a biya kuɗin babba. Sannan a kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wani wasa mai nauyi kwata guda, ya sa ido ko allo zai yi ɗige-ɗige ko layuka, ya kuma kasa kunne ga fankokin. Kafin a kunna ma ya juya kowace da yatsa, in tana lilo ko tana cijewa a rage masa kuɗin sabuwa. Ya duba sukurorin baya ko sun sha sukudireba, da launin allon ko ya yi duhu a wajen da wuta ke shiga.

Ryzen 5 5600 zaɓi ne mai kyau, wat 65 ne shi ma, saboda haka na'urar sanyayar da ke kai za ta ɗauke shi. Yawancin B450 suna karɓarsa, amma sai an sabunta BIOS, kuma da tsohon furosesan a kai ake yin wannan, kada ka sayar da shi tukuna. Duba shafin kamfanin madabod ɗinka ka ga sunan 5600 a jerin waɗanda yake ɗauka. Sabuntawar ƴan mintoci ce, amma in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma ka san yadda wuta take a bazara. Sai da UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, mai cikakken caji, ko a gidan da ke kan sola. Ƙaramar UPS mai 650 VA, wadda ba ta wuce wat 360 zuwa 390 ba, ta isa wannan aikin tunda kati ba ya jan wuta a lokacin. In don wasa kake son ta riƙe ka, nemi mai 1000 VA zuwa sama.